Kalmar Hausa a rajistar alamun kasuwanci ta OAPI: rubutu, furuci da ma'ana

Ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram da ke son doka ta tsare masa sunan hajarsa yana iya ajiye takardunsa a Yamai, amma rajistar kanta tana Yawunde, a hukumar OAPI. Ƙasashe 17 ne suka yi tarayya cikinta bisa yarjejeniyar Bangi ta 1977, wadda aka yi wa gyara a 1999 da 2015. Rajista guda tana aiki cikin ƙasashen duka har shekara 10, kuma ana sabunta ta. Najeriya ba ta ciki, saboda haka sunan da aka tsare a Maraɗi ba shi da kariya a Katsina.

Ƙa'idar farko ita ce wanda ya riga ajiye takarda shi ke da suna. Tun 2022, in aka buga sanarwar neman rajista, duk mai ganin an shiga hakkinsa yana da wata 3 ya kai ƙorafi. Shugaban hukumar ke yanke hukunci, wanda bai yarda ba ya ɗaukaka ƙara gaban babban kwamiti. Shari'ar kayan jabu kuwa aikin kotunan kowace ƙasa ne.

Abin da ya shafe mu nan shi ne tambayar da ake yi cikin irin wannan gardama: shin alamun biyu sun yi kamar da za ta ruɗe mai saye? A al'ada ana duba kama ta fuska uku, wato ido, kunne da ma'ana. To, harsunan aikin hukumar Faransanci ne da Ingilishi, kuma abin da ke gaban mai hukunci takarda ce.

Mu ɗauki kunne. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. “Gari” na mazauni da “gari” na hatsi rubutunsu ɗaya, alhali wasalin farko gajere ne a ɗaya, dogo a ɗayan. “Kuka” ta miya da “kuka” na hawaye karin sauti kaɗai ya raba su. In na'ura ta zubar da lanƙwasa, “ƙafa” ta koma “kafa”. Ke nan ido na ganin kalma guda inda Bahaushe ke jin biyu. Akasin haka ya fi haɗari: rubutu irin na Faransanci yana raba abin da kunne ya haɗa. “Tchoukou” da “cuku”, ko “kilichi” da “kilishi”, sun sha bamban a takarda, amma a kasuwa furuci ɗaya ne. Mai niyyar kwaikwayon sunan wani ba ya buƙatar komi sai canza tsarin rubutu.

Batun ma'ana ya fi wuya. Mai saye da bai yi boko ba, da hoto yake kiran kaya: mai zaki, mai raƙumi, mai tauraro. A ce wani ya yi rajistar sabulu da sunan “Lion”, wani kuma ya zo da “Zaki”. Ba harafin farko ɗaya, ba sauti ɗaya, amma a bakin ƴan kasuwa duka biyun “mai zaki” ne. A ganina wannan kama ce cikakka, sai dai ba za ta bayyana ba in lauya bai kawo ta da hujja ba.

Akwai kuma dokar da ta hana mallakar sunan da kowa ke kiran kayan da shi. Ba mai iya yin rajistar “savon” a kan sabulu. Amma “sabulu” fa, ko “yaji”, ko “tukuɗi”? Ga wanda bai ji Hausa ba, kalmomi ne na ƙirƙira. In irin wannan rajista ta wuce cikin wata 3 ba wanda ya tanka, sai dai masu ƙananan sana'a su nemi kotu ta soke ta, da kuɗinsu. Kilishin Nijar da albasar Galmi sun bi wata hanya a 2021, wato rajistar sunan asalin wuri, wadda ke tsare suna ga dukan masu sana'ar da suka cika sharuɗɗa.

Abin da sashenmu zai iya yi shi ne tsara jerin sunayen kayan masarufi na Hausa, kowane da rubutunsa na ƙa'ida, da irin na Faransanci, da karin sautinsa, da bambancin karin harshen Tawa, Maraɗi da Damagaram, a miƙa shi ga ofishin Yamai da lauyoyi.