Bayan An Rage Tumbi, Ina Za a Kai Damuwa?

'Yan'uwa, a 'yan shekarun nan an fara samun mutanenmu da ake yi wa tiyatar rage ƙiba. Ba su da yawa, domin aikin yana cin miliyoyin naira, kuma yawanci sai an je wasu asibitocin kuɗi a Legas ko Abuja, ko a ƙetara zuwa Indiya, Masar ko Turkiyya. To, amma bayan an sallami mutum gida zai dawo. Zai dawo Rijiyar Zaki ko Bachirawa ko Panisau, cikin iyalinsa da ikilisiyarsa, likitan da ya yi masa aikin kuwa yana can nesa. Kuɗin makarantar yara na nan yana jiransa, haka bashin da aka ci aka yi aikin, haka tsadar kayan masarufi da ta tsananta tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Idan a dā ya saba kwantar da hankalinsa da abinci, yanzu me zai yi? Wannan tambaya ta shafi duk wanda likita ya sa wa dokar abinci saboda ciwon sukari ko hawan jini, kuma irin waɗannan sun fi masu tiyata yawa nesa ba kusa ba.

Abin da likita ya taɓa

Ba a yi wa mutum wannan aiki don yana son ya yi kyau a hoto. Likitoci suna da awo: a raba nauyin mutum a kilo da tsayinsa a mita, a sake raba abin da ya fito da tsayin. Mai kilo 120 da tsayin mita 1.65 zai samu 44. Daga 30 ake kiranta ƙiba, kuma an daɗe ana ware tiyata ga wanda ya kai 40, ko 35 in yana da wani ciwo irin na sukari, ko da yake ƙa'idojin da aka fitar a 2022 sun sassauto da wannan iyaka.

Iri biyu aka fi yi. A na farko ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin a cire, abin da ya rage ya zama siriri kamar ayaba. A na biyu ana ɗinke wata 'yar jaka a saman tumbin, wadda ba ta wuce girman ƙwai ba, a haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya riƙa tsallake sauran tumbin. Ban da rage wurin zuba abinci, aikin yana sauya sinadaran da ke aika wa ƙwaƙwalwa saƙon yunwa da ƙoshi. Akwai wani mai suna girelin, wanda ke tayar da yunwa, kuma yawancinsa daga saman tumbi yake fitowa, daidai inda ake yankewa a iri na farko. Shi ya sa a watannin farko mutum kan manta ma da lokacin cin abinci. Nauyi yakan yi ta sauka da sauri har wata 12 zuwa 18. Daga nan sai ya tsaya, sha'awar abinci ta fara komowa, kuma a shekara ta biyu ko ta uku ne wasu kan ga sikeli ya fara hawa.

Yadda damuwa ke zama yunwa

A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙulli da ke fitar da sinadarin kotisol idan hankali ya tashi. In firgitar ta ɗan lokaci ce, kamar kare ya biyo mutum, ci ma kan fita ransa. In kuwa damuwar ta kwana ta wuni, wata da watanni, kotisol yakan zauna a sama, ya buɗe ciki, ya sa kwaɗayin zaƙi da maiƙo, ya kuma tara kitse a tumbi da kewayensa. Mu a nan mun san aikinsa ko da ba mu san sunansa ba. Ƙwayoyin nan da wasu 'yan mata ke saya a kemis don su yi ƙiba, irin su dezametason, 'yan'uwan kotisol ne da aka haɗa a masana'anta. Duk wanda ya ga yadda fuskar mai shansu ke cika, ciki ya fito, ƙafafu su sirance, ya ga abin da doguwar damuwa kan yi wa jiki a hankali. Rashin barci kuma yana ƙara girelin, don haka wanda ya kwana yana lissafin bashi zai tashi da yunwar da ba ta aiki ba ce.

Sannan akwai sabo. Zaƙi yana sanyaya rai na 'yan mintoci, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta mantuwa da abin da ya taɓa sanyaya ta. Wuƙar likita ba ta kai nan ba.

Wani zai ce, ai tumbin ya zama ƙarami, ina za a zuba? Malmalar tuwo kam ba za ta shiga ba. Amma kunun zaƙi yana wucewa, fura da nono da sukari tana wucewa, shayi mai kauri da madara, zoɓo, lemon kwalba, cincin, alewa, soyayyar gyaɗa, duk suna wucewa kaɗan-kaɗan daga safe har dare. Kwalbar Coca-Cola ta santilita 35 tana ɗauke da sukari wajen giram 37, kusan ƙaramin cokali 9. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tun 2015 kada babban mutum ya wuce kimanin giram 50 a rana, in ma da hali ya tsaya a 25. Wannan tsakure-tsakure shi ne babbar hanyar da ƙiba ke komowa, kuma mai yin sa zai rantse maka cewa bai ci komai ba tun safe. Gaskiya yake faɗa a ganinsa, tunda bai zauna gaban kwano ba.

Ga wanda aka haɗa masa hanji, akwai wata wahalar kuma. Idan zaƙi ya afka hanji da sauri, cikin minti 10 zuwa 30 sai zuciya ta kama bugawa, ga gumi, ga jiri, ga murɗar ciki da gudawa. Wani lokaci sai bayan awa 1 zuwa 3 sukarin jini ya faɗi, jiki ya kama rawa. Mutum ya nemi sauƙin zuciya, ya ƙare a kwance.

Gane wace yunwa ce

Yunwar gaske tana zuwa a hankali, kuma ba ta da zaɓe: ko dafaffen wake aka ba ta za ta karɓa, in ta ƙoshi ta yi shiru. Ta damuwa faɗowa take yi farat ɗaya, sau da yawa bayan wata waya ko wata maganar da ta ɓata rai, ta ce ita cincin take so ba wani abu ba, kuma in an gama sai kunya ta biyo baya. Ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta lokacin da kwaɗayin ya taso da abin da ya faru kafin nan. A mako biyu za ka ga hanyarsa. Wata za ta ga kullum bayan maigida ya fita ba tare da ya bar cefane ba ne. Wani zai ga sai dare, in kowa ya yi barci ya bar shi da waya a hannu.

Da kwaɗayin ya taso, ka ba shi minti 15 kafin ka amsa masa, kuma ka tashi daga inda kake. Yakan hau ya sauka da kansa. Ka kurɓi ruwa, ka ja numfashi a hankali ka sake shi a hankali sau 10, ka fita ka taka. A nan mutanen Ungogo sun fi na cikin birni sa'a, domin duk da filayen da ake ta yankawa ana gini, har yanzu akwai hanyoyin gona da mutum zai bi da sassafe ko da la'asar ba tare da hayaƙin Adaidaita Sahu ba. Minti 30 sau 5 a mako shi ne minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, kuma tafiya tana sauke damuwar kanta, ba kitse kaɗai ba. Aikin hannu ma yana taimakawa: saƙa, ɗinki, ban ruwan lambu, koyon waƙa tare da mawaƙa.

Kada ka tsallake abinci don ka hukunta kanka a kan abin da ka ci jiya. Wanda ya wuni da yunwa shi ne zai faɗa wa zaƙi da dare. Ka ci ƙananan abinci a kan lokaci, ka fara da mai gina jiki: ƙwai, kifi, kaza, wake, alala, awara, kindirmo marar sukari. Ana so a samu giram 60 zuwa 80 na furotin a rana, ƙwai ɗaya kuwa yana da wajen 6. Ka tauna sosai, ka ajiye cokali tsakanin loma da loma, ka raba ruwa da abinci da kimanin minti 30, amma ka ga ka sha lita 1.5 ko fiye a yini, musamman a zafin Maris da Afrilu. Ƙwayoyin bitamin B12, ƙarin jini da kalsiyam da aka rubuta maka na har abada ne. Mutane da dama kan daina su idan kuɗi ya yi wuya, alhali ƙarancinsu yana kawo kasala da mutuwar jiki da kan yi kama da baƙin ciki.

Hausawa sun ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, wato mutum ya iya riƙe magana. Akwai hikima a ciki, amma ni a ganina wannan karin maganar ta cuci mutane da yawa, musamman maza da matan fastoci, waɗanda kowa ke kawo musu kuka su kuwa ba su da inda za su kai nasu. Maganar da aka haɗiye takan nemi abin da za a danne ta da shi. Ka sami mutum ɗaya mai riƙon amana, ko dattijo ko aboki ko 'yar'uwa a zumuntar mata, wanda za ka iya kira ka ce masa yau abin ya motsa.

A kula da abin da ke maye gurbin abinci. Bayan tiyata, musamman ta haɗa hanji, giya tana shiga jini da sauri ƙwarai, kuma an ga mutanen da ba su da wannan matsala a dā sun faɗa shaye-shaye. Haka maganin tari mai kodin, da tiramadol, da ƙwayoyin barci. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikilofenak kuma suna iya haddasa gyambon ciki a wurin ɗinkin, kada a sha sai da izinin likita. Idan baƙin ciki ya wuce mako biyu, barci ya ƙi, komai ya fita ran mutum, ko ya fara tunanin gara ya mutu, a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin Dawanau, ana addu'a ana tafiya. Amai da ya ƙi tsayawa, ko ciwon ciki mai tsanani, ko baƙin bayan gida, ba a kwana da su a gida.

Rabon iyali da ikilisiya

A wurinmu ƙiba alamar hutu ce, rama kuwa abin tambaya. Mutum ya sauke kilo 30, sai a fara raɗa a bayan majami'a: ko ciwon nan ne, ko maigidan ya daina ciyar da ita. Irin wannan magana ta isa ta mai da mutum ga kwano don a bar shi ya huta. Wanda bai gaya maka abin da aka yi masa ba, ka gaishe shi da jiki ka wuce.

Ga kuma karamcinmu. Bikin aure, suna, godiyar kaka, Kirsimeti, gida-gida ana tura shinkafa da nama da lemo, kuma ƙin ci kamar raini ne. Mai tiyata yana bukatar maganar da zai kare kansa ba tare da ya ɓata wa kowa rai ba: "Mama, Allah ya amfana. Likita ya yi mini awo, ki zuba mini ɗan nama a ƙaramin kwano, sauran zan kai wa yara." Ke kuma Mama, in ya faɗi haka, kada ki ce ai loma ɗaya ba ta kisa.

Azumi ma yana bukatar shawara. Wanda bai daɗe da yin aikin ba, ko mai shan maganin sukari, kada ya shiga azumin farkon shekara ko na kwana 40 kafin Ista sai ya tambayi likitansa, domin ƙaramin tumbi ba ya iya rama ruwan yini guda a zama ɗaya, buɗe baki da abinci mai yawa kuma shi ne ke jawo jirin da muka ambata. Ya kamata fasto ya faɗi wannan da bakinsa daga bagade lokacin sanarwa, don kada marar lafiya ya ji kamar ya kāsa.

In za ku je gaishe shi, ku bar katan ɗin lemo a kanti. Ku riƙe ƙwai ko busasshen kifi, ku tambayi matarsa ko bitamin ɗinsa ya kusa ƙarewa, sa'an nan wani a cikinku ya ɗauki alkawarin biyo masa da ƙarfe 6 na safe ranar Talata da Alhamis su taka tare.