Kadmiyam Telurayid: Fa'idarsa da Mafsadarsa a Faifan Sola

Duk wanda ya bi hanyar Wudil zuwa Gaya, ko ya ratsa ƙauyukan Ajingi a 'yan shekarun nan, ya ga faifan sola a kan rufin asibiti, da bakin rijiyar burtsatse, da fadamun manoman rani waɗanda tsadar fetur ta raba da injin ban ruwa. Galibinsu na silikon ne daga ƙasar Sin. Amma akwai wani nau'i, baƙi wuluk, wanda ya wajaba a yi bayaninsa tun bai yawaita a kasuwanninmu ba.

Asalinsa sinadari ne mai suna kadmiyam telurayid, haɗin ma'adinai biyu: teluriyam, wanda aka gano a 1782, ake kuma tsamo shi yau daga dattin tace jan ƙarfe, da kadmiyam, wanda wani masani mai suna Stromeyer ya gano a Jamus a 1817. Akan shimfiɗa sinadarin tsakanin gilasai biyu, kaurinsa bai kai silin gashi ba, alhali kuwa, cikin hikimar Ubangiji, wannan ɗan shafe ya isa ya zuƙe hasken rana ya mai da shi lantarki. Ƙarfinsa kuma ba ya raguwa a zafin bazara kamar na silikon, abin da ya dace da ƙasarmu ainun. Kamfanin First Solar na Amurka shi ne jagaba wajen ƙera irin wannan faifai.

Sai dai kadmiyam dafi ne mai taruwa a ƙoda shekara da shekaru, ya raunana ƙashi, ƙurarsa kuma ta illata huhu. A lardin Toyama na Japan ya malala cikin kogin Jinzu, ya shiga shinkafa, har ƙasusuwan mata suka riƙa karyewa, hukuma ba ta tabbatar da musabbabin ba sai 1968. Haƙiƙa matuƙar yana ɗaure da teluriyam, rufe cikin gilashi, ruwa ba ya narkar da shi, wuta ma sai ta haura digiri 1,000. Abin tsoro shi ne ranar da faifai ya tsufa, ya faɗa hannun 'yan gwangwan, aka daka shi a tsakar gida yara na wasa, tarkacen ya kwanta a juji, jujin nan kuwa shi ake kwasa taki a kai gona. Ba mu manta da gubar dalmar Zamfara ta 2010 ba, wadda ta halaka yara wajen 400.

Saboda haka muna roƙon hakimai da dagatai da limaman Gaya da Ajingi su hana farfasa mataccen faifai ko ƙona shi, kowane iri ne, hukuma kuma ta ɗora wa dillalai alhakin karɓarsa.