Karatun Injiniyan Na'urorin Asibiti: Abin da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ɗanka Ya Zaɓe Shi

Idan ka taɓa yin jinya a asibiti, da wuya a ce ba ka ji wannan magana ba: "Na'urar ta lalace, sai dai ku je wani wuri." Likita na nan, ma'aikatan jinya na nan, amma injin wankin ƙoda ko na ɗaukar hoto ya tsaya, dole ku ɗauki majinyaci ku kama hanya. Wanda ake jira a irin wannan rana shi ne injiniyan na'urorin asibiti. Karatunsa a jami'a shi ake kira bayomedikal injiniyarin, kuma iyaye da yawa sukan fara jin sunansa ne bayan ɗansu ko 'yarsu ta rasa gurbin karatun likita.

Mene ne aikinsa?

Shi ne yake ƙera na'ura, ko ya kafa ta, ya gwada ingancinta, ya kula da ita, ya kuma gyara ta in ta samu matsala. Ɗauki misalin na'urar da ke tace iskar oksijin. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin, kashi 78 kuma naitirojin ne. Na'urar tana riƙe naitirojin, ta ba majinyaci iska mai oksijin kusan kashi 90 ko fiye. In ƙurar hunturu ta toshe matatarta, ko ƙwayoyin tacewar da ke cikinta suka gaji, za ka ji tana ƙara kamar lafiya lau, alhali iskar da take bayarwa ta yi rauni. Ido ba ya ganin wannan, sai an auna.

Haka abin yake ga fitilar da ake haska wa jariri mai shawara: tana iya ci gaba da haske bayan ƙarfin maganinta ya ragu. Shi kuwa wankin ƙoda na awa 4 yakan ci ruwa kimanin lita 120, kuma in ba a tace ruwan da kyau ba, dattinsa na iya shiga jinin majinyaci. Ka ga ke nan wannan aiki ya shafi rai kai tsaye.

Ba karatun likita ba ne

Nan ne ake yawan kuskure. Wanda ya yi wannan karatu ba zai duba majinyaci ba, ba zai rubuta magani ba, kuma digirinsa ba ya juyewa ya koma na likita. Injiniya ne. Galibin darussansa lissafi ne, da fiziks, da lantarki, da sarrafa kwamfuta, sannan a haɗa masa da ilimin sassan jikin ɗan Adam da yadda suke aiki. Idan yaronka bayoloji yake so amma yana gudun lissafi, kada a tura shi nan don a share masa hawaye. Zai sha wahala, kuma shekara 5 ba kwana 5 ba ne.

Sai dai kada ka ɗauka ƙaramin matsayi ne. Godfrey Hounsfield, injiniyan lantarki ɗan Ingila wanda ya ƙera na'urar hoton CT, ya samu kyautar Nobel ta fannin likitanci a 1979, kuma shi ba likita ba ne. A nan gida, Farfesa Hippolite Amadi ya ci kyautar kimiyya ta Najeriya a 2023 saboda na'urorin taimaka wa jarirai numfashi, bayan ya daɗe yana farfaɗo da kwalaben bakwaini da aka jingine a asibitoci.

Hanyoyin shiga

Akwai hanya uku. Ta farko ita ce digiri na shekara 5, kamar a Jami'ar Ilorin, Jami'ar Legas da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Owerri. A jarrabawar JAMB galibi ana neman Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri, amma a duba ƙa'idar kowace jami'a kafin a cike fom. Ta biyu ita ce difloma, kamar a makarantar da ke asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Wannan ta fi karkata ga aikin hannu. Ta uku ita ce yaro ya fara karanta injiniyan lantarki ko na injina, daga baya ya ƙware a na'urorin asibiti. Amfaninta shi ne, in aikin asibiti bai samu ba, ƙofofin wasu masana'antu a buɗe suke.

Kowace jami'a za a zaɓa, a tabbatar hukumar NUC da hukumar injiniyoyi ta COREN sun amince da kwas ɗin, domin da shi ne za a yi rajistar zama cikakken injiniya.

Aiki fa?

Gaskiya ɗaya ce: buƙata tana da yawa, amma guraben gwamnati ba su kai buƙatar ba. Wuraren da ake samun aiki sun haɗa da asibitocin koyarwa, cibiyoyin gwaji da ɗaukar hoto masu zaman kansu, wakilan kamfanoni irin su GE, Siemens da Philips, da kuma kwangilar kula da na'urorin ƙananan asibitoci. A duk waɗannan, abin da hannunka ya iya ake tambaya kafin takarda. Don haka watannin koyon aiki na SIWES suna da muhimmanci ƙwarai. A neme su a wurin da ake buɗe na'ura da gaske, ba wurin zaman ofis ba.

Shawararmu

Kafin a cike fom, ka kai yaron sashen gyaran na'urori na babban asibitin da ke kusa da ku, ya wuni yana kallo, ya yi tambayoyi. Sannan ka lura da halinsa a gida. Wanda tun yana ƙarami yake kwance rediyo ko fanka don ya ga cikinta, kuma lissafi ba ya tsorata shi, mace ce ko namiji, wannan karatu zai dace da shi. Wanda kuwa zuciyarsa ke kan duba majinyaci, gara ya sake zama jarrabawa, ko ya duba aikin jinya da sauran fannonin lafiya.