Zafin Bazara da Inuwar Shanu a Ƙasar Yawuri

Wannan takarda an rubuta ta ne domin manoma da dagatai na ƙasar Yawuri, watau Yawuri da Ngaski da Shanga, da dukan masu shanu da ke zaune a bakin tafkin Kainji. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Tun wajen 1928 aka fara koya wa manoman Arewa huɗa da shanu, har ya zama yau bijimi biyu da garma su ne ƙarfin gida. Amma ko wane mai garma ya san wannan: sa'ad da ruwan shuka ya sauka, a ka ɗora wa shanu karkiya, sau da yawa sai a tarar ba su da ƙarfi, kunya kaɗan sun tsaya suna haki. Sai mai shanu ya ce yunwar rani ce. Gaskiya ne akwai yunwa, amma fa ba ita kaɗai ba ce. Cikin watan Maris da Afrilu zafin rana a Yelwa ya kan kai awo 40 a ma'aunin zafi, jikin sa mai lafiya kuwa bai wuce 38 da rabi ba. Dabbar da ta yini daure a turke cikin wannan rana, ko an zuba mata harawa ba za ta ci sosai ba, domin cin abinci kansa yana ƙara wa ciki zafi. Watau rana ce ta hana ta ci, ta rame, maigida yana ganin laifin abinci.

LABARIN ƁAUNA

Domin a fahimci yadda zafi ke yi wa dabba, bari mu duba wadda ta fi kowa shan wahalarsa. A ƙasar Hindu da Pakistan da Masar akwai wata irin ɓauna ta gida, Larabawa suna ce da ita jamus. Ana tatsarta, ana noman shinkafa da ita, nononta kuwa ya kusa ninka na saniya mai. A ƙasar Hindu kaɗai ƙidayar 2019 ta nuna sun haura miliyan 100. Ba ita ce ɓaunar dajinmu ba, wadda a ke karewa a gandun dajin Kainji. Tamu ba a taɓa mayar da ita ta gida ba, kada ma wani ya yi sha'awar gwadawa.

Ita ɓaunar gida fatarta baƙa ce, gashinta kaɗan ne, ƙofofin gumi na fatarta kuma ba su kai ko rabin na saniya ba. Baƙar fata tana shan rana, gumin da zai sanyaya ta kuwa babu isasshe. Don haka in rana ta take, ba ta da dabara sai ta shiga ruwa ko taɓo ta kwanta, hanci kawai a waje. In an hana ta ruwa da inuwa, nan da nan nono ya ragu, ta bar cin abinci, ta daina nuna alamar neman barbara, shekara ta wuce ba haihuwa. Masu kiwonta sun san haka tun kaka da kakanni, shi ya sa su ke gina mata rumfa, su kai ta tafki da tsakar rana, ko su riƙa kwara mata ruwa a gida. Ko ta daji haka ta ke yi: kiwo da safe da yamma da dare, da rana kuwa tana cikin inuwa kusa da ruwa.

Shanunmu sun fi ɓauna sa'a. Bunaji da Gudali da Rahaji, duk masu tozo ne, gashinsu gajere mai santsi, suna gumi sosai, farin Bunaji kuma yana mayar da hasken rana. Wannan juriya ita ce ke ruɗin mutane, har su ɗauka sa ba ya jin rana. Yana ji. Abin da ke kayar da ɓauna cikin sa'o'i kaɗan shi ne ke cin sa a hankali cikin wata biyu. Waɗanda su ka fi shan wuya su ne baƙaƙe, da 'yan maruƙa, da saniya mai tsohon ciki, da ragon layya ko san da a ke turkawa ya yi ƙiba, da ruwa-biyun shanun Turai da wasu ke saye domin nono.

Kwanakin da su ka fi haɗari kuwa ba na farkon bazara ba ne, lokacin da iska ke busasshiya. Na ƙarshenta ne, sa'ad da hadari ke haɗuwa yana watsewa, iska ta yi nauyi, gumi ya ƙi bushewa, dare ma ba sanyi. Daidai lokacin ne kuma a ke fara fitar da shanu domin gyaran gona.

YADDA A KE GANEWA

Ba sai da ma'auni ba. Ka tsaya gefen sa da azahar, ka dubi kwiɓinsa, ka ƙidaya numfashinsa na minti guda. Mai lafiya da ke hutawa ba ya wuce 30. In ya kai 60, zafi ya fara damunsa. In ka ga ya buɗe baki, ya miƙa wuya, harshe waje, miyau yana dalala, to, abin ya kai inda a ke tsoro. Tun kafin wannan za ka ga ya bar tuƙa, ya ƙi kwanciya, yana cusa kai ƙarƙashin ɗan'uwansa ko gindin danga yana neman inuwar da ba ta kai tafin hannu ba.

In haka ta faru, a kwance karkiya nan take, a ja shi inuwa inda iska ke ratsawa, a kwara masa ruwa a wuya da gadon baya da ƙafafu har ya jiƙa fata, a sake in ya bushe. A ba shi ruwan sha kaɗan kaɗan. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu a bar shi, buhun zai ɗumama ya riƙe zafin. Kada kuma a mayar da shi aiki ran nan. Amma fa a lura: san da zafin rana ya dama, in gari ya waye ya kan warware. In da sassafe ma jikinsa da zafi, yana haki ko tari, wannan ba rana ba ce, cuta ce, sai a nemi malamin dabbobi. Bijimin barbara da ya sha irin wannan zafi ƙarfin haihuwarsa ya kan ragu har kusan wata 2, ko da a ido ya warke.

BAKIN TAFKI

Wani zai ce, ai mu Allah ya hutar da mu, ga tafki a ƙofar gida, sai mu yi yadda masu ɓauna ke yi. A nan ne a ke so a yi hankali ƙwarai.

An gama madatsar Kainji a 1968, ruwan Kwara ya taru ya zama tafki mai tsawon wajen mil 80, a ka tayar da mutane kimanin 44,000, cikinsu har da Gungawa da yawa da ke zaune a tsibirai. Gidaje an gina musu sababbi, amma tsamiya da ɗorawa da kakanni su ka bari ba a iya ɗauko su ba, ruwa ya ci. Ko wace shekara kuma ruwan tafkin ya kan ja baya tun daga bazara har cikin damina, ya bar fili mai faɗi da ɗanyar ciyawa. Kiwo ne mai kyau, ba mai musu, lokacin da tudu ya bushe ƙurmus. Sai dai filin nan ba itace ko ɗaya, garke ya kan yini cikinsa a tsakiyar rana, ga tururi yana tashi daga laka.

Sa'an nan cikin ruwa marar zurfi mai ciyawa akwai wani ƙaramin dodon koɗi wanda tsutsar hanta ke girma a cikinsa. Tsutsar ta kan fita ta manne a ciyawa, saniya ta ci, ta shige hanta. Wata uku ko huɗu sai a ga dabba tana ramewa, ƙarƙashin haɓa ya kumbura. Ku tambayi mahauta irin hantar da su ke yankewa su yar daga shanun fadama. Inuwar kurmi ta bakin rafi ita ma da nata sharri, domin can ne ƙudan tsando ke fakewa da rani, shi ne kuwa mai kawo sammore. Watau wurin da ya fi ko ina sanyi shi ne ya fi ko ina cuta.

Saboda haka abin da za mu ɗauka daga masu ɓauna shi ne inuwa da jiƙa jiki, ba kwanciya cikin taɓo ba. A kai shanu bakin tafki da safe har hantsi, a komar da su da la'asar. A shayar da su inda gaɓa ke da yashi ko tsakuwa, ruwa a buɗe ba ciyawa. Tsakar rana kuwa su yi ta a tudu ƙarƙashin inuwa. Wanda shanunsa ke kiwon bakin tafki ko wace shekara, ya shawarci malamin dabbobi a kan lokacin ba da maganin hanta.

RUMFA DA RUWA

Rumfar shanu ba ta bukatar kuɗi, sai gofa da kara da ciyawa. Ta bijimi biyu a yi mata tsawo ƙafa 12, faɗi ƙafa 8, bisa kuwa kamar ƙafa 10, domin iska ta wuce ta kan dabba. Kada a kewaye ta da zana. A miƙa tsawonta daga gabas zuwa yamma, ta haka inuwa za ta zauna a ƙarƙashinta yini guda. Jinkar ciyawa ta fi kwano nesa, domin kwano in ya gasu sai ya zubo wa dabba zafi bisa kai. Wanda ya riga ya sa kwano, ya shimfiɗa kara ko harawa a kansa, ya ga ya sami rumbu da rumfa wuri guda. Takin da ke taruwa a ƙasa kuma riba ce ta gona.

Babban sa cikin bazara yana bukatar ruwa kamar garwa 2 a yini, mai aiki da mai shayarwa sun fi haka. A ba su sau biyu ko uku, kwamin kuwa a ajiye shi a inuwa, ruwan da ya yi zafi ba su shansa da yawa. Abinci mai nauyi, kamar dusa da harawa, a bayar da sassafe da yamma. Huɗa da jan amalanke a fara da asuba a kwance kafin hantsi ya yi zafi. Wanda ke ba da shanunsa haya ya faɗi wannan sharaɗi tun kafin a karɓi kuɗi, domin mai haya gonarsa ya ke dubawa.

GA DAGATAI DA MASU UNGUWA

Rumfa ta shekara biyu ce ko uku, itace kuwa sai jikoki. Tsamiya da mangwaro da darbejiya ba su rabuwa da ganye a bazara. Ceɗiya ba ta ma bukatar iri, reshe a ke sarowa a kafa da farkon damina ya kama. Gawo kuwa, inda ƙasa ta karɓe shi, ba na biyunsa: da rani ya ke ganye, ya zubo 'ya'ya shanu su ci a ƙarƙashinsa, da damina ya kaɗe ganyen ya bar wa gero rana. Ko wanne a ka dasa, a kewaye shi da ƙaya shekara 3, in ba haka ba akuya a ka dasa wa.

Aikinku na farko shi ne kare waɗanda ke tsaye. Ku san manyan itatuwan da ke bakin burtali da mashaya da kasuwar shanu, ku hana masu gawayi taɓa su. Makiyayi da ke sassabe maɗaci domin ganye a ce masa ya rage rassa, kada ya aske shi ƙwal. Na biyu, kafin ruwan tafki ya fara ja, ku tara manoman bakin ruwa da Ardo a zauna a shata hanyar da shanu za su bi daga ruwa zuwa inuwar tudu. Garken da zai hau tudu da hantsi ya sauko da la'asar zai ratsa wurin sau huɗu a yini, in kuwa ba hanya, ta cikin albasa da masarar mutane zai bi. A kafa alamu tun ƙasa tana da laushi, a kuma ajiye takardar abin da a ka shirya a wurin hakimi.