Yadda Ake Saƙa Rigar Sanyi ta Yaro da Zaren Auduga

A ƙaramar hukumar Rumbu, cikin gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, ɗari yakan sauka daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu. A Disamba da Janairu, sanyin asuba yakan kai ƙasa da digiri 15, ga iskar hunturu mai ƙura. Yara ƙanana su suka fi wahala, domin jikinsu ya fi na manya saurin yin sanyi. Wannan darasi zai nuna yadda uwa za ta saƙa wa ɗanta mai shekara 2 zuwa 3 rigar sanyi da hannunta.

Me ya sa aka zaɓi auduga?

Auduga, wato kaɗa, ba ta sa ƙaiƙayi, tana shan gumi, kuma tana jure wanki. Amma ba ta kai gashin tumaki ɗumi ba, kuma idan ta saki ba ta komawa yadda take. Maganin wannan abu biyu ne: a yi saƙa mai gurji-gurji, kuma a yi awo kafin a fara. Saƙa mai gurji-gurji takan riƙe iska a cikin ƴan ramukanta. Wannan iskar ce take tsare ɗumin jiki.

Kayan aiki

1. Zaren auduga mai matsakaicin kauri, dunƙule 6 masu giram 50 kowane. A saye shi gaba ɗaya, domin rinin wani zubi yakan bambanta.
2. Tsinken saƙa 2 masu kaurin milimita 4, da wasu 2 masu milimita 3.
3. Ma'aunin tela, almakashi, babbar allura, da maɓalli 2.

Yawancin zaren da ake kira ulu a kasuwa na roba ne. Domin a gane, a ƙona ɗan guntu. Auduga takan yi warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi. Na roba yakan narke, ya dunƙule ya yi tauri. Wadda ta iya kaɗi da mazari tana iya amfani da abawarta, amma sai ta haɗa sili biyu ko uku ta murɗe su tare, domin sili ɗaya yakan karkatar da saƙa.

Ido iri biyu

Kowane madaukin zare da ke kan tsinke, a nan za mu kira shi ido. Duk saƙar tsinke daga ido iri biyu take fitowa.

Idon gaba: zare yana bayan saƙa. A sa tsinken dama cikin idon farko na tsinken hagu, daga gaba zuwa baya. A naɗa zare a kan tsinken dama, a jawo sabon ido, a zame tsohon.

Idon baya: a kawo zare gaban saƙa. A sa tsinken dama cikin idon daga dama zuwa hagu, ta gabansa. A naɗa zare, a tura sabon ido baya, a zame tsohon.

Wajen ɗora idanun farko, a yi zarge ɗaya a kan tsinken hagu. A saƙa idon gaba a cikinsa, amma kada a zame tsohon; a mayar da sabon kan tsinken hagu. A yi ta maimaitawa har adadin ya cika.

Saƙar ƙwayar gero

Wannan saƙa tana fitowa da ƴan ƙulle-ƙulle kamar tsabar gero, shi ya sa za mu kira ta haka. A ɗora idanu masu mara, wato adadin da ba ya rabuwa biyu daidai, kamar 21 ko 61. A kowane layi a yi idon gaba ɗaya, idon baya ɗaya, har ƙarshe. Kowane layi da idon gaba yake farawa, da shi kuma yake ƙarewa. Wannan saƙa ba ta naɗewa a gefe, kuma cikinta da bayanta iri ɗaya ne.

Gwaji kafin aiki

Hausawa sun ce, tun ran gini tun ran zane. Hannun wata yana matse zare, na wata yana sake shi. Saboda haka a fara saƙa ɗan ƙyalle mai ido 25 da tsinken milimita 4, har ya kai santimita 12. A wanke shi, a shimfiɗa ya bushe, sannan a ƙirga idanun da ke cikin santimita 10. Ana son a samu 20. Idan an samu fiye da haka, a ɗauki tsinke mafi kauri. Idan bai kai ba, a ɗauki mafi siranta.

Ga dalili. Faɗin rigar santimita 30 ne, wato ido 60, a ƙara 1 ya zama 61. Idan mai saƙa tana samun ido 24 cikin santimita 10, ido 61 zai ba ta santimita 25 kawai. Rigar za ta matse yaron, aikin makonni ya tashi a banza.

Baya da gaba

A ɗora ido 61 a kan tsinken milimita 3. A saƙa bakin riga mai tsiri-tsiri na santimita 4: layi na farko ya fara da idon gaba, na biyu ya fara da idon baya, a riƙa musanyawa haka. Wannan bakin shi ne yake kama ƙugu ya hana iska shiga. Daga nan a koma tsinken milimita 4, a ci gaba da ƙwayar gero har tsawon ya kai santimita 34.

Wajen rufewa, a saƙa ido 2, a ɗaga na farko a tsallakar da shi kan na biyu. A saƙa wani 1, a sake tsallakarwa, har ƙarshe. Kada a matse hannu a nan. A saƙa gaban riga daidai da bayanta.

Hannuwa

A ɗora ido 33, a yi baki mai tsiri-tsiri na santimita 3, sannan a shiga ƙwayar gero. Bayan kowane layi 6, a ƙara ido ɗaya a farkon layi da ɗaya a ƙarshensa, ta hanyar saƙa ido biyu cikin ido ɗaya. Idan an yi ƙari, a duba saƙar: inda aka ga ƙulli a yi idon gaba, inda aka ga santsi a yi idon baya. Idan idanu sun kai 49, a daina ƙari. A rufe a santimita 23. A yi hannu na biyu haka.

Haɗawa

A ɗinke kafaɗa ɗaya, santimita 7 daga gefe. A ɗaya kafaɗar a ɗinke santimita 2 kawai, a sa maɓalli 2 da madaukansu na zare. Kan yaro babba ne, auduga kuma ba ta buɗewa sosai, saboda haka maɓallan suna da muhimmanci. A daidaita tsakiyar saman hannu da ɗinkin kafaɗa, a ɗinke shi santimita 12 ta gaba, santimita 12 ta baya. A ƙarshe a ɗinke gefunan riga da ƙarƙashin hannuwa.

Kulawa da riga

A wanke da ruwan sanyi da sabulu, a matse a hankali ba tare da murɗewa ba. A shimfiɗa ta kan tabarma a inuwa. Idan aka rataye ta a igiya, nauyin ruwa zai ja ta ta yi tsawo. Idan ta jiƙe a jikin yaro, a cire nan take, domin jiƙaƙƙiyar auduga sanyi take ƙarawa. A nisanta yaro da wutar jin ɗumi, domin auduga tana saurin kama wuta. Riga kuma ba magani ba ce: yaron da ke tari da numfashi da sauri-sauri, a kai shi gidan likita ba da jinkiri ba.

Lokacin farawa

Mai koyo ta fara tun da kaka, domin rigar ta ƙare kafin Disamba. Matan da ke cikin asusu, irin na Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, suna iya haɗa kuɗi su sayo zare da yawa a Dakoro ko Maraɗi, su raba. Wadda za ta saƙa don sayarwa ta rubuta kuɗin zare da kwanakin aikinta kafin ta yanka farashi.

Aikin gida

Wata mata tana samun ido 18 cikin santimita 10. Ido nawa za ta ɗora domin ta samu faɗin santimita 30? A tuna da ƙara ido ɗaya domin adadin ya zama mai mara.