Wasiƙunka a cikin shagonka: yadda ɗan kasuwa zai haɗa imel ɗinsa da kwamfuta

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Ƙonni ko ta Illela, ko ya yi jiran mota a Ɗan Isa kan hanyar Jibiya, ya san halin rezo a bakin iyaka: yanzu ga shi, an jima ka neme shi ka rasa. Abin takaicin shi ne, sai lokacin da ake cikin matsi yake ɓacewa. Mota tana tsaye, ma'aikacin duwan yana jiran takardar kaya, takardar kuwa tana cikin imel ɗin da mai fiton kayanka ya turo daga tashar jiragen ruwa ta Lome ko ta Legas, amma shafin ya ƙi buɗuwa. Kwana ɗaya da mota za ta ƙara a tsaye, kowa ya san abin da yake ci.

Jama'a masu karatu, akwai maganin wannan, kuma ba sabon abu ba ne. Maimakon a riƙa shiga shafin intanet duk lokacin da ake son karanta wasiƙa, sai a girka manhajar wasiƙu a cikin kwamfutar shago. Ita wannan manhaja, da zarar ta samu rezo sai ta kwaso wasiƙu da takardun da aka maƙala musu, ta ajiye a cikin na'ura. Ko rezo ya ɗauke, za ka buɗe su, ka karanta, ka buga a takarda. Haka nan kana iya rubuta amsa ka ajiye, idan rezo ya dawo ka tura.

Wace manhaja?

Waɗanda suka yi zamanin gidajen intanet za su tuna da Outlook Express, wadda ke zuwa tare da Windows XP. Wannan ta daɗe da zama tarihi. Yau sanannu su ne Outlook ta kamfanin Microsoft, da kuma Thunderbird, wadda Mozilla ta fitar a shekarar 2004. Thunderbird kyauta ce, akwai ta da Faransanci da Ingilishi da Larabci, don haka da ita za mu ba da misali. A sauko da ita daga shafinta na ainihi kawai, kada a karɓi kwafen da ke yawo hannu da hannu.

Idan ka buɗe ta karon farko, abu uku za ta tambaye ka: sunanka, adireshin imel, da kalmar sirri. A gurbin suna ka rubuta sunan da abokan cinikinka suka san ka da shi, ko sunan shagonka, domin shi za su gani idan wasiƙarka ta isa. Idan adireshin na Gmail ne ko Yahoo, manhajar da kanta za ta nemo sauran bayanai. Daga nan wata taga ta kamfanin za ta buɗe, ka sake shiga, ka ba da izini. Kada wannan ya ba ka tsoro: tun 2022 Google ya daina barin irin waɗannan manhajoji su shiga akwatin mutum da kalmar sirri kaɗai.

IMAP ko POP?

Nan ne ake so a nutsu. Manhajar za ta ba ka zaɓi biyu. IMAP kamar madubi yake: wasiƙu suna nan a rumbun kamfani, abin da ke cikin kwamfuta shi ne ke cikin wayarka, inda ka karanta ko ka adana duk za a gani. POP kuwa kamar ɗan aike yake: ya je ya kwaso wasiƙu ya kawo cikin na'ura guda, kuma idan an saita shi haka, sai ya share su daga rumbun. Ranar da kwamfutar ta lalace ko aka sace ta, shi ke nan, takardun shekaru sun tafi. Ga ɗan kasuwar da yau yana Maraɗi gobe yana Katsina, IMAP ya fi. Sai dai a kula, madubi ba ya ƙarya: abin da yaron shago ya goge a kwamfuta, ya gogu a waya ma.

Idan manhajar ta kasa nemo bayanan da kanta, sai a cika da hannu. Ga mai Gmail, hanyar shigowar wasiƙu ita ce imap.gmail.com, lambar ƙofa 993. Hanyar fita smtp.gmail.com, ƙofa 465 ko 587. Ga mai Yahoo, imap.mail.yahoo.com da smtp.mail.yahoo.com, lambobin ƙofa duk ɗaya ne. A tabbatar an zaɓi tsaron SSL/TLS ga 993 da 465, STARTTLS kuma ga 587, domin shi ne ke hana wani karanta saƙo a hanya. Bayan an gama, ka tura wa kanka wasiƙar gwaji. Idan ta fita ta dawo, aiki ya yi.

Tarkon layin waya

Akwai matsalar da ta fi damun mutanen iyaka. Kamfanoni sukan turo lambar tabbatarwa zuwa layin wayar da aka yi rajista da shi. Ɗan kasuwa mai layi biyu, na Nijar da na Najeriya, yana iya samun kansa a wannan ɓangare, lambar kuwa ta tafi layin da ba ya aiki a nan. Saboda haka a yi wannan haɗi ranar da layin yake hannu kuma yana kamawa. Google yana ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowace sau ɗaya ake amfani da ita. A rubuta su a ajiye inda ake ajiye takardun gida. Kada kuma a bar layin ya daɗe ba a amfani da shi har kamfani ya karɓe.

Abu na gaba, tunda wasiƙu yanzu suna cikin kwamfuta, duk wanda ya kunna ta zai iya karanta su, ya ga farashin sarinka da sunayen masu ba ka kaya. A sa wa kwamfutar kanta kalmar sirri. Sannan a san cewa Gmail ba ya ɗaukar takardun da nauyinsu ya wuce megabayit 25 a wasiƙa guda, don haka a rage girman hotunan takardu kafin a tura.

Daga ƙarshe, manhaja ba ta hana damfara. Idan wasiƙa ta zo da sunan abokin cinikinka tana cewa an canza lambar asusun banki, ka duba adireshin harafi bayan harafi, sannan ka kira shi a lambar da ka daɗe da sani kafin ka tura ko dala. Kuɗin kira bai kai kuɗin kwantena ba. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.