Dangwala yatsa: tawada ko na'ura?

Ƴan'uwa manoma da masunta na Madarunfa, mu dubi tafin hannunmu. Akwai ƙananan layuka a kan fata. Allah yana tsara su tun jariri yana ciki, kuma ba su sakewa har tsufa. Ko tagwaye ba su da zane iri ɗaya. Shi ya sa zanen yatsa ya zama shaida. A shekarar 1858, wani Bature mai suna William Herschel ya sa ɗan kwangila ya dangwala tafin hannunsa duka a kan takardar yarjejeniya a ƙasar Indiya. Likitoci masu bincike su ma suna ɗaukar zanen tafi, domin wasu cututtukan da ake haihuwar yaro da su suna barin alama a layukan.

Hanyoyi uku ne za mu gwama.

Ta farko ita ce tawada. Tana da araha, ba ta bukatar lantarki. Amma in tawada ta yi yawa, ko yatsa ya goce, sai zanen ya zama baƙin tabo. Tsakiyar tafi kuma ba ta fita sosai, saboda tana da kwari.

Ta biyu ita ce garin bakin fensir. Ana shafa shi a yatsa, a manna farar leda mai danƙo, a ɗaga, a liƙa a takarda. Layuka suna fita tsaf, amma aikin yana cin lokaci.

Ta uku ita ce na'ura mai gilashi, irin wadda hukumar zaɓe ta CENI ta yi rajistar masu zaɓe da ita a 2019 da 2020. Tana da sauri, ba ta ɓata hannu. In zanen bai fita ba, a maimaita nan take. Sai dai tana bukatar batir, kuma tana wahala da hannun mai aikin ƙarfi. Ƙotar hauya tana cinye layukan manomin Jiratawa. Ruwan tabki yana yamutsa yatsun masunci. Hunturu yana busar da fata, lalle mai duhu kuma yana iya rufe zanen.

Kada mu ji tsoro in na'ura ta ƙi yatsanmu. Layukan suna dawowa in hannu ya huta, sai dai in rauni ya yi zurfi. Kwana biyu kafin rajista, mu riƙa shafa man kaɗanya da dare. Ran tafiya mu wanke hannu da sabulu, mu tsane shi.

Abu mafi nauyi shi ne wannan: ko ta wace hanya aka ɗauka, dangwale ya ɗaure mai shi. Takardar bashin taki, ko ta jinginar gona, in mun dangwala mun yarda ke nan. Saboda haka mu karanta tukuna. Wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba, ya nemi malamin yaƙi da jahilci ya karanta masa a gaban shaidu.